Cikar Teku a Ulaisha

Wani tsoho ne ya fara tsayar da ni, tun kafin in lura da kifin da ke bayansa. Ina tafe da hantsi a wani lungu na Ulaisha, ban daɗe da sauka Riyad ba, sai na hango dattijo a ƙofar shago ya tattare zanensa har gwiwa kamar mai shirin tsallaka rafi, alhali a kan busasshiyar kwalta yake tsaye. Ya ɗaga kai yana kallon wata, wanda ya yi fari a sama bai ƙarasa faɗuwa ba, sannan ya ce da kansa cikin Larabci wai ruwa ya fara komawa. Na duba hagu, na duba dama. Garin da ko kududdufi babu, wane ruwa?

A lokacin kaina cike yake da labaran soyayya. 'Yan littattafan kaɗan ne a hannunmu, muna karɓa-karɓa har bangonsu ya cire, amma sun ishe ni in ga soyayya a ko'ina. Kafin in kai bakin titi na gama tsara labarin tsohon nan: wata kyakkyawa ce ta shiga jirgin ruwa ta bar shi a ƙuruciya, shi ya sa ya zauce yake zance da wata. Har suna na raɗa mata. Ashe lafiyarsa ƙalau. Sunansa Ammu Jasim, kuma shi ne ya koya mini sana'ar da na ci abinci da ita har gemuna ya yi fari.

Ku samarin yanzu da kuke shiga babban kanti ku ɗauko kifi a leda, an yanka an wanke, kuna cewa sayar da kifi ai zuba ƙanƙara ne kawai da murmushi, ku gyara zama.

Kafilina, wato wanda ikamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take hannunsa, Abu Fahad ne, mutumin Najadu, yankin hamadar da Riyad take ciki, kuma shagon nan nasa ne. Direba ya ɗauko ni daga gida. Bayan na ɗan yi ta kai yaransa makaranta, sai ya ce in koma tuƙa motar kifi. Ya buɗe shagon ne don ya ga garin ya cika da baƙi masu cin kifi, amma shi kansa bai taɓa sa kifi a baki ba. Ya san halal ne, bai musa ba, sai dai ya ce kakanninsa da naman raƙumi da dabino suka girma, kuma babu wanda ya mutu don rashin ƙwarin ruwa. Haka yake kiransu. In zai shigo shagonsa sai ya ja gefen shimagi, ƙyallen da suke yafawa a kai, ya toshe hanci, ya yi magana da sauri ta cikin ƙyalle, ya fita. Ammu Jasim kuwa yana kiransa Mai Raƙumi, a gabansa ma, shi kuma ya ce masa Tsohon Kaguwa. Kullum suna faɗa, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya sha shayi bai aika wa ɗayan ba.

Aikin farko da Ammu ya ba ni fasa ƙanƙara ne. Manyan sanduna ake kawo mana a lulluɓe da buhun algarara, sai in ɗau guduma ta katako in yi ta duka. Na ɗauka ƙarfi ake nema, na farfasa ta manya-manya kamar duwatsun gini. Ya zo ya ɗau guda ya danna a jikin kifi, ya nuna mini ramin da ta bari. Ya ce kifi ba bango ba ne. Ana fasa ta ƙanana kamar tsakuwa, a shimfiɗa a ƙasa, a jera kifin cikinsa yana kallon ƙasa kamar yana iyo, a sake lulluɓewa. Kuma ƙofar da ruwa yake tsiyayewa a gindin akwati kada ta taɓa toshewa, domin kifin teku in ya kwanta cikin ruwan daɗi idonsa yakan yi fari, kuma mai saye ido yake fara kallo. Ni da nake karanta yadda ake siffanta idon budurwa shafi guda cur, a wurin Ammu na koyi kallon ido da gaske. Na kirki yana nan a cike, baƙi wuluk, yana ƙyalli kamar yanzu zai ƙifta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gajeriyar wuƙa ta farke ciki, wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen dabino. Akwai babbar adda ta datsa kan'ad, dogon kifin nan da ake yankawa faifai-faifai. Akwai kututturen icce da tsakiyarsa ya rame don sara, da sikeli, da tiyon wanke ƙasa. Sai abin kankare ɓawo, wanda Ammu ya yi da hannunsa: ɗan katako ne ya kafa wa marafan kwalbar lemo da ƙusa, haƙoransu a sama. Abu Fahad ya taɓa sayo masa na ƙarfe mai kyau daga kanti, ya rataye shi a bango don girmamawa, ya ci gaba da marafansa.

Ran da na fara gyaran safi ba zan manta ba. Safi ɗan kifi ne bai fi tafin hannu da rabi ba, bakinsa kamar na zomo, ciyawar teku yake ci. In ka gan shi sai ka raina shi. Na kai hannu na damƙo shi kamar na damƙo tumatir, ƙayar bayansa ta shige mini babban yatsa. Na taɓa shan harbin kunama a gida, to wannan yayarta ce. Ina tsalle ina salati, Ammu ya kamo hannuna ya tsoma cikin ruwan zafi na butar shayi, yana dariya har da hawaye. Ya ce yanzu safi ya san ni, saura in san shi. Daga nan ya nuna mini yadda ake shafo shi daga kai zuwa wutsiya ƙayar ta kwanta, a datse ta da almakashi kafin a yi komai. Ya ce mutanen gaɓa a kan wannan ɗan kifin suke rantsuwa. Babban kifin nan da ake kira hamur na baƙi ne da masu biki, safi na gida ne.

Amma babban karatun shi ne watan nan da na gan shi yana kallo. Mafi kyawun kifinmu ba daga jirgi yake fitowa ba, daga hadra yake. Hadra shinge ne na rassan dabino da ake kafawa a cikin teku inda ruwa bai da zurfi, mai dogon hannu da ɗaki a ƙarshensa. In teku ta cika, kifi ya biyo ruwa ya matso gaɓa kiwo. In ta janye, ya bi jikin shingen yana neman hanya har ya faɗa ɗakin, mai hadra ya tattare zane ya taka ya je ya kwaso da kwando, kifin yana raye, babu tabon raga a jikinsa. Ana gadonta kamar gona, kowace da sunanta da iyakarta, kuma Ammu da ƙanensa Isa sun gaji ta ubansu. To teku wata take bi. Tsayuwar wata da tsakiyarsa ruwa yakan cika sosai ya janye sosai, su suna kiran wannan hamal, hadra ta cika. Tsakankanin haka ruwa ya yi kasala, su ce fasad, ko ka je ba za ka samu abin kirki ba. Saboda haka shagonmu da ke tsakiyar sahara da cikar teku yake aiki. Sauran direbobi suna tafiya da ranakun mako, ni da wata nake tafiya. Ammu zai tsaya a ƙofa cikin ƙurar Ulaisha ya ce, "Habibu, gobe ka ɗau hanya, ruwa ya yi ƙarfi," kamar yana jin sa a ƙafarsa.

Tafiyata ta farko gabas tare muka yi. Mun keta jan yashin nan mai kama da an zuba garin barkono, raƙuma suna tsallaka titi ba su nemi iznin kowa ba, har iska ta sauya ta yi nauyi, ta ɗauko gishiri. Unguwarsu tsohuwa ce a gefen wani birni na bakin teku, su dai Farij kawai suke ce mata. Gidajen da dutsen da aka ɓamɓaro daga ƙasan teku aka gina su, in ka duba bango sai ka ga bawon kumba a ciki. Lungunan sun matse har mutum biyu ba sa jerawa, wai don inuwa. Ƙofofi da yawa daga katakon tsofaffin jirage aka yi su. Gidan su Ammu kuwa, in teku ta cika sosai ruwa har dokin ƙofa yake zuwa, matan gidan suna wanke tukwane daga zaune. Na ga tsofaffi a gindin bango suna saƙa tarkon waya, yawancinsu kurame. Ammu ya ce nitson lu'ulu'u ne ya cinye kunnuwansu tun suna samari, zamanin da mazan unguwar duka suke tafiya teku su yi watanni, a bar mata da yara da addu'a. Da kasuwar lu'ulu'u ta mutu aka koma kifi, da man fetur ya fito samari suka koma kamfani. Shi kansa ɗansa ne ya samu aikin gwamnati a Riyad ya ɗauko shi don ya huta, hutun ya kusa kashe shi, shi ne ya nemi shagon kifi ya shiga.

A wata tafiyar na tarar da abin da ya zama dalilin wannan labari. An yi kwanaki ana iskar arewa mai ƙarfi, babu wanda ya fita teku. Ranar da ta lafa jiragen suka dawo da kaya, na gyara akwatuna zan shiga gwanjo, sai Isa ya riƙe mini hannu ya ce yau babu ciniki. A Farij, duk sa'ad da teku ta rufe, ko don iska ko don ta ci wani, kamun farko ba a sayar da shi. Ana soya shi a bakin gaɓa, mata su dafa shinkafa da ruwan dabino har ta yi ja ta yi zaƙi, a shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya zo wucewa ya zauna. Amma babu mai sa hannu sai mai jirgi ya fara ci a gaban kowa. Isa ya ce ma'anarsa ita ce mai jirgi ya yarda da tekun, ya yarda da abin da ta ba shi, kuma abin da zai sayar wa mutane gobe shi ya fara ci yau. Na ci har na kasa tashi. Zaƙin shinkafa da gishirin safi in suka haɗu a baki, na rantse a littattafan da na karanta babu haɗuwar masoya da ta kai wannan.

Masu sayenmu kala-kala ne, kuma kowa da yankansa. Mutanen Indiya suna son faifai sirara, Misirawa a tsaga a bar shi a buɗe, 'yan Filifin kuwa in ka jefar da kai sai a yi shari'a. 'Yan uwanmu Hausawa ma suna zuwa. Akwai Dakta Umaru, likita daga unguwar Badi'a, wanda yake sayen kan hamur don farfesu, ya tsaya mu yi hirar gida har ƙanƙarar ledarsa ta narke. Sai kuma Muryar Alhamis. Kowace Alhamis da safe wayar shago takan yi ƙara, wata mace ta yi sallama da murya mai sanyi kamar ruwan randa, ta tambaya ko na hadra ne, ta ce a zaɓo safi masu ƙiba kada a wanke su da yawa, direbanta zai zo. Ba ta taɓa zuwa da kanta ba. Ni nake rige-rigen ɗaukar wayar. A raina na gama gina ta: doguwa, mai dogon wuya, tana zaune a taga tana kallon hamada. Ammu yana ganin yadda nake zaɓar kifinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kayan lefe, ya yi murmushi ya kau da kai.

Sai muguwar shekara ta zo. Ana yaƙi a can arewacin tekun, rijiyoyin mai na cikin ruwa suka fashe, mai ya yi ta malala. Labari ya cika gari cewa kifin gabas guba ne. Wasu wuraren gaskiya ne, na ga dunƙulen baƙin kwalta a gaɓa da idona, na ga tsuntsu ya kasa ɗaga fiffike. Masuntan Farij suka ja jiragensu kan yashi suka zauna. A Riyad kuwa mutane ko kallon shagon kifi ba sa yi, har kifin da bai taɓa ganin wannan tekun ba. Mun gwada kawo na yamma, daga Jidda, na sha doguwar hanya na kawo, aka ce ai duk ruwa ɗaya ne. Muka wuni muna korar ƙuda. Ammu yana wasa wuƙar da ba ta yanka komai ba, ni ina karanta littafi ɗaya karo na ba adadi. Muryar Alhamis ma ta daina kira.

Wata rana Abu Fahad ya shigo bai toshe hanci ba, don babu abin da zai toshe wa. Ya ce shi ya gaji. In an yi ƙaramar Salla abin bai gyaru ba, zai fasa teburan nan ya sa firizoji ya koma sayar da daskararriyar kaza. Bai faɗa da mugunta ba, ƙasa yake kallo. Amma kowa ya san abin da ke cikin maganar. Kaza ba ta buƙatar mai kallon wata, ba ta buƙatar direban gabas. Ammu zai koma zaman ɗaki a gidan ɗansa, ni a buga mini fita in koma gida, hadrar Isa da ta maƙwabtansa kuma ta rasa motar da take kwashe kifinta zuwa Riyad. Ammu bai roƙe shi ba. Cewa kawai ya yi kaza ba ta da ido, ta yaya mutum zai san abin da yake saye.

Bayan Salla da 'yan kwanaki Isa ya bugo waya. Hukuma ta duba ɓangarensu ta ce a fita, ruwan ya wanke, kuma ga tsakiyar wata ta zo. Na tafi. Na tsaya a gaɓa ina kallonsu suna takawa zuwa hadra, suka dawo da kwanduna suna motsi. Suka ci nasu na al'ada, suka cika mini akwati. Na taka mota na iso Ulaisha kafin la'asar. Ammu ya ɗau kifin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kunnensu yana sansana jan naman da ke ciki, ya farke wasu ya sansana hanjin. Ya ce ciyawa ce kawai da gishiri, lafiyarsu ƙalau. Muka jera su a kan ƙanƙara suna walƙiya kamar sababbin kwabbai. Mutane suka yi ta wucewa, suna leƙe, suna kau da kai.

Washegari Alhamis ce. Wayar ta yi ƙara, na ɗauka. Muryar ce. Ta ce 'yan uwanta na Farij sun faɗa mata an buɗe teku, shin kamun farko ya iso? Na ce ya iso, nawa za a auna mata? Ta ce in ba ta Jasim. Ban san abin da ta faɗa masa ba, na dai ji yana ta cewa to, to, gaskiya ne, na manta. Da ya ajiye ya ce in kwashe kifin daga tebur, wannan ba na sayarwa ba ne. Ya ce shagon nan ma teku ta rufe masa, kuma bai ci nasa na farko ba. In je in aro tabarmi a masallaci, in faɗa wa duk wanda na sani.

Da la'asar sakaliya muka kafa kasko a ƙofar shago. Ƙamshin safi ya cika lungu. Wata doguwar mota ta tsaya, direba ya sauko da katuwar tukunyar jar shinkafa, ya ce daga Ummu Abdallah. Na gyara hulata, na share hannu a riga, na matsa don in gaishe da Muryar Alhamis. Gilashin baya ya sauka kaɗan. Hannun da ya fito ya yi mini alama duk jijiya ne da tsohon lalle, sanda tana jingine a gefenta, jikoki uku sun cika kujera. Tsohuwa ce tukuf, 'yar Farij, an kawo ta aure Riyad tun kafin a haife ni. Ta ce, da muryar nan dai mai sanyi, "Kai ne Habibu? Allah ya yi maka albarka, ɗana, hannunka ya iya zaɓe." Na ce amin, Hala, wato inna da Larabci. Na juya na ga Ammu ya ba ni baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Aka zuba shinkafa a manyan faranti, aka jera kifi a kai. Mutane suka taru, masu shagunan lungu, leburori, Dakta Umaru da abokansa biyu. Dakta ya wanke hannu zai zauna, Ammu ya ce ya dakata, sai mai jirgi ya fara. Dakta ya ce to ai ga ka nan. Ammu ya ce shi ma'aikaci ne, jirgin ba nasa ba ne. Sai aka tsaya cirko-cirko, abinci yana hucewa, masu tsoro suna ƙara tsorata, har na ji wani yana raɗa wa wani cewa in da lafiya ai da sun ci.

A haka Abu Fahad ya iso, tare da mai firiza riƙe da abin awo, sun zo auna inda za a kafa. Ya ga taro ya tambayi abin da ake yi. Ammu ya yi masa bayani. Ya ce madalla, ku ci, Allah ya sa albarka, ya nufi ciki. Sai murya ta fito daga motar.

"Ya Abu Fahad."

Ya tsaya, ya matsa kusa da motar ya sunkuyar da kai, don bai isa ya wuce tsohuwa ba.

"Shekara da shekaru kana sayar mana da abin da ba ka ci, ba mu ce komai ba. Yau kam kai ake jira. A garinmu mai jirgi shi yake fara sa hannu."

"Hala, ni ko jirgi ban taɓa hawa ba."

"Waccan farar motar da yaron nan yake kaiwa gabas yana dawowa, ta waye? To ita ce jirginka. In ka shiga ciki ba ka ci ba, mutanen nan za su watse su ce mai shagon ma tsoro yake ji. Sai ka je ka yi ta sayar da kazarka."

Ya dubi taron, ya dubi farantin, ya dubi Ammu. Ammu ya ce masa a hankali babu dole, kuma in ya ci ya mutu shi zai yi masa wanka da kansa. Mutane suka yi dariya. Abu Fahad ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya zauna a tabarma kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ammu ya ɓare masa gefen safi ya zare ƙaya, ya nuna masa yadda zai dunƙula da shinkafar. Ya yi bisimilla da ƙarfi har na ƙarshen lungu ya ji, ya rufe ido ya kai baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya daɗe bai buɗe ido ba. Sannan ya dubi Ammu ya ce, "Tsohon Kaguwa, wannan ne kake ci kullum a bayan shagona ba ka taɓa ce mini bisimilla ba?"

Kafin ya kai loma ta biyu tabarmar ta cika. Mai firiza ma ya soke abin awonsa a aljihu ya zauna. Ba zan ce muku washegari kasuwa ta dawo yadda take ba, a hankali ta dawo, mutum ɗaya, mutum biyu, sai da aka yi watanni. Amma labarin ya zaga Ulaisha da Badaha cewa Banajade mai shagon kifi ya zauna a titi ya ci kifin gabas, ga shi nan yana yawo da ƙafarsa. Maganar kaza kuwa ba a sake tayar da ita ba. Matsalar da muka samu daga baya ita ce hana Abu Fahad kwashe safi masu ƙiba kafin masu saye su zo.

Ammu Jasim ya bar aiki daga baya, da idonsa ya yi rauni. Ya ba ni siririyar wuƙarsa da katakon marafai, ya ce wa ɗansa ko ya mai da shi Farij ko ya tafi da ƙafa. Bayan wasu shekaru na kai masa ziyara. Da ƙyar na gane wurin. An cike gaɓar da yashi da dutse, an shimfiɗa babban titi da fitilu da wurin shan iska. Inda hadrarsu take, motoci ake ajiyewa. Rabin lungunan an rushe, amma gidansu yana nan, na tarar da shi zaune a dokin ƙofar da ruwa yake taɓawa a da, yanzu kwalta ce da bayan wani dogon gini. Ko ƙyallin teku ba a hangowa. Ya gane muryata. Ya tambaya ko Mai Raƙumi yana nan yana cinye jari, na ce har kan kifi yake tsotsa yanzu, kuma duk shekara bayan ƙaramar Salla sai ya sa an shimfiɗa tabarma a ƙofar shago ya fara sa hannu. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya tambaya ko na samu wata Muryar Alhamis, na ce na samu, wannan kam sai da na gan ta tukuna.

Muna cikin shan shayi sai ya ɗan karkata kai. Ya kai hannu ya tattare zanensa zuwa gwiwa, ya ce, "Ruwa ya fara shigowa."

Da na yi masa sallama ban shiga mota ba. Na tsallaka titin, na wuce wurin ajiye motoci, na yi ta tafiya har na kai sabuwar gaɓa, na leƙa ta kan duwatsun. Yana shigowa kuwa.